Alhamis Ɗin Delbert Igwa

Duk wanda ya taɓa zama a Pecan Ford, can ƙuryar Texas, ya san Delbert Crumpton ko yana so ko ba ya so. In ba ka gan shi a filin ƙwallo ba, to ka ji shi a gidan abincin Madam Ouida, inda yake kame kujerar tsakiya kowace safiya yana ba da tarihin hannunsa na dama. Shi ya raɗa wa kansa suna Igwa. Babu wanda ya taya shi kiran sunan, amma ko a jikinsa, har a bayan motarsa ya sa aka rubuta da jan fenti.

Shekara goma sha ɗaya ke nan yana cin abinci da ƙwallon Amurka, kuma kwatabak ne, wato mutumin da ake miƙa wa ƙwallo ya jefa, wanda wasan duka ke rataye a wuyansa. Haka dai takarda ta ce. A zahiri kuwa ƙungiya bakwai ya zaga a ƙananan gasanni kafin ya dawo ta garinmu, wadda ake kira Alfadarai, kuma ko'ina ya je aikinsa ɗaya ne: ya tsaya a gefen fili riƙe da allon rubutun koci, yana jiran ranar da kwatabak na gaskiya zai ji ciwo. Hular kwanonsa ko ƙwarzane babu, sai ka ce yau aka fito da ita daga kwali.

"Ajiye ni suke yi," in ji shi, duk lokacin da wani ya yi ƙarfin halin tambaya. "Wa kuka taɓa gani ya jawo igwa don ya harbi kurciya?"

Madam Ouida ta ce, "Shekara goma sha ɗaya fa, Delbert. Ka dai riƙa dubawa, kar a je ta yi tsatsa."

"Zuba mini kofi, Madam, ki bar maganar da ta fi ƙarfinki."

Matarsa Earlene kuwa ta gama magana tun farkon kaka. Ba faɗa, ba hayaniya, tana ninke kayan wanki ta ce masa bana ce ta ƙarshe. In aka rufe fili babu wata babbar ƙungiya da ta ɗauke shi, ranar Litinin da safe sai shagon tayar yayanta Royce, inda aka daɗe da ajiye masa rigar aiki. Delbert ya yi dariya ya ce ya yarda, don a lokacin ƙarshen kaka yana da nisa. To, ga shi ya zo. Saura wasa ɗaya tak, ranar Asabar, da Kunamun Salt Fork.

Ranar Talata sai abubuwa biyu suka faɗo a tare. Rusty Pell, kwatabak ɗin Alfadarai, ya hau tsani zai sauko da kyanwar surukarsa daga kan rufi, kyanwa ta sauko lafiya, shi ya sauko da karayar ƙafa. Kafin gari ya gama jajanta wannan, sai ga labari cewa wani Mista Teague, mai farauto wa babbar gasa 'yan wasa, zai zo kallon wasan Asabar.

Koci Yancey da kansa ya zo gidan abincin. Ya tsaya a kan Delbert yana murza hularsa kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa.

"Delbert, kai za ka buga."

Delbert ya miƙe a hankali, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya. "Koci, na san wata rana idonka zai buɗe."

"Idona a buɗe yake, shi ya sa nake jin tsoro. Na duba ko'ina, har mai yanke ciyawar fili na tambaya ko ya taɓa jifa. Saurara da kyau. Ka karɓi ƙwallo, ka juya, ka danƙa wa Lavell mai gudunmu a ciki, shi ya yi gudu. Shi ke nan aikinka. Kada ka jefa."

"Amma Koci, mutumin babbar gasa…"

"Kada ka jefa, Delbert. Ina da hawan jini."

Koci na fita Delbert ya buga tebur. Ya ce su rubuta su ajiye, ranar Asabar zai jefa ƙwallo yadi saba'in, ta sauka a hannun mutum kamar an ajiye masa ƙwai. Mista Teague zai sauko daga kujerarsa da gudu da alƙalami a hannu. Ya ce wa Madam Ouida ta cire kujerar nan da yake zama ta adana, wata rana mutane za su zo daga nesa don su ɗauki hoto da ita.

"Zan cire ta," in ji Madam Ouida. "Dama ƙafarta ɗaya tana rawa."

Laraba da hantsi ya rataya tsohuwar taya a reshen bishiyar bayan gida, ya ja da baya taku talatin. Maƙwabcinsa Baba Wendell, tsohon ɗan gidan waya da ya yi ritaya, yana zaune a farfajiyarsa yana karanta jarida.

"Baba, ka buɗe ido ka ga abin da za ka ba jikokinka labari!"

Jifan farko ya wuce taya da nisa, ya tsallake shinge, ya tuge akwatin wasiƙun Baba Wendell daga gindinsa.

"Iska ce," in ji Delbert.

Baba Wendell ya lashi yatsa ya ɗaga sama. "Wace iskar?"

Na biyu ya sauka tsakiyar tumatirin da tsohon ya yi wata uku yana lallaɓawa. Na uku ya bi ta tagar kicin, aka ji tartsatsin kwanoni, sannan aka ji muryar matar Baba Wendell tana kiran sunan Allah da na Delbert a haɗe. Tsoho ya miƙe. Ya naɗe jaridarsa, ya ɗauki kujera, ya zagayo cikin gidan Delbert, ya dasa ta daidai bayan tayar nan, ya zauna kansa yana leƙowa ta ramin.

"Baba, tashi mana! Nan fa nake auna!"

"Na sani, ɗana. Duk unguwar nan babu inda ya kai nan aminci."

Yanzu sai maganar Alhamis. A gaban kowane kwatabak akwai ƙarti biyar da muke kira 'yan katanga, waɗanda aikinsu su tare abokan hamayya kada su kai gare shi su tattake shi. Ba a sa hotonsu a jarida, ba a kiran sunansu a rediyo. Saboda haka al'ada ce ko'ina a ƙasar nan kwatabak ya riƙa ciyar da su, don ya nuna ya san wa ke tsare masa haƙarƙari. Su Alfadarai sun ƙara nasu camfin a kai. Duk abin da aka ci a gidan kwatabak ranar Alhamis, shi za a ƙulla a tafi da shi gida a yi ta ci har a shiga fili ranar Asabar, wanda ya sa wani abu daban a bakinsa ya jawo wa ƙungiya tsiya. Rusty ya san haka, shi ya sa yake kwana biyu yana shirin naman ƙirjin saniya, ya gasa shi a hayaƙin itace har sai nama ya fara rabuwa da kansa.

Earlene ta sayo ƙirjin saniya guda biyu manya ta sa a firji. Alhamis da rana ta dawo daga aiki ta tarar babu su, sai injin markaɗe yana ta ƙugi, ga alayyahu da latas da kokwamba an tara kamar za a buɗe kasuwa.

"Delbert, ina naman?"

"Na ba Baba Wendell, na tagarsa da tumatirinsa."

"Duka biyun?"

"Earlene, ke ba za ki gane ba. Manyan 'yan wasan duniya yanzu ganye suke sha. Nama yana sa nauyin jini. Ina so ƙartin nan su zama kamar barewa ranar Asabar."

"Ba barewa ake nema a wurinsu ba, bango ake nema."

"Ilimi ne, matata. Kimiyya."

Earlene ta ɗauki jakarta. "Ni na tafi gidan Royce. In sun gama da kai ka ce a kira ni."

Ƙarfe biyar na yamma ƙarti suka iso, kowa da babbar robar ƙulla saura a hammata. Ga Hollis Zavala, ɗan tsakiya, wanda shi ke turo wa kwatabak ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, mutum mai sanyin hali da faɗin ƙofar gareji. Ga Odell Birdsong mai tsayawa a damansa, dikin ne a cocin Baftis, ba a taɓa jin ashar a bakinsa ba. Sai tagwaye Mack da Zeb, sai Ƙaramin Floyd wanda ya fi su duka girma. Shekara uku Delbert yana ƙungiya ɗaya da su, amma bai taɓa ɗaukar wahalar riƙe sunan ko ɗaya ba.

"Ƙato, sannu da zuwa! Kai ma Ƙato, shigo! Ƙato, ga kujera nan!"

Suka zauna a teburin bayan gida. Delbert ya fito da tulun gilashi cike da wani abu kore mai kauri, ya tsiyaya wa kowa kofi guda, ya ajiye kwanon ganye a tsakiya.

Ƙaramin Floyd ya leƙa kofinsa. "Wannan na wanke hannu ne?"

"Abincin ke nan."

Odell, da yake shi ke yin addu'a kafin a ci, ya sunkuyar da kai, ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa. "Ya Ubangiji," in ji shi, "kai ka ga abin da ke gabanmu. Amin."

Hollis ya ce a hankali, "Delbert, ka san dokar Alhamis kuwa? Wannan za mu ci har Asabar."

"Na sani sarai, Ƙato. Na markaɗa muku bokiti biyu."

"Sunana Hollis."

"Eh, shi na ce."

Daidai nan iska ta juyo daga gidan Baba Wendell. Tsohon tun rana ya yanka nama ya baza a kan garwashi, yanzu ga shi ya jingina da shinge, faranti a hannu, maiƙo yana bin haɓarsa. Ya ɗaga wata tsoka ya gaishe su da ita.

"Samari, a ci lafiya! Wannan kyautar ogan naku ce, Allah ya saka masa!"

Kawuna biyar suka juya wajen shinge, ba su sake juyowa ba. Delbert kuwa ya hau bayanin dabararsa ta sirri. Ya ce in suka ji ya yi ihu "Kankana! Kankana!" to ya soke umarnin koci ke nan, su tare mutane na daƙiƙa bakwai, Lavell ya sheƙa can ƙarshen fili, shi kuma ya saki igwa. Ya zana a takarda, ya maimaita sau uku, ya tambaya ko an gane. Zeb ya haɗiyi yawu ya ce, "Har da ɓargo a jiki." Delbert ya ɗauka an gane.

Juma'a Earlene ta ɗauki ɗamarar da kwatabak ke ɗaurawa a tsintsiyar hannu, wadda ake rubuta dabarun wasa a ciki don ya riƙa leƙawa. A ƙasan dabarun ta rubuta sunaye biyar da manyan baƙaƙe, daga hagu zuwa dama, yadda suke tsayawa a fili.

"Ka haddace su kafin gobe. Mutanen nan su ne tsakaninka da asibiti."

"Janar ba ya haddace sunan kowane soja."

"Janar ba ya ba soja ciyawa."

Asabar ƙarfe biyu na rana fili ya cika ya batse. 'Yan badujala suna busa, Madam Ouida ta kafa rumfar gashin namanta a bayan ƙarshen fili kamar kullum, hayaƙi yana tashi. Can a layi na shida ga Mista Teague, da farar malafa da allon rubutu a cinya. Delbert ya shigo da gudu yana ɗaga masa hannu, ya yi tuntuɓe da igiyar lasifika, ya tashi ya ci gaba da ɗaga hannu.

Aka jeru. Delbert ya tsaya taku biyar bayan Hollis, ya yi ihu, ƙwallo ta zo hannunsa. Sai ya ga abin da bai taɓa gani ba daga gefen fili. Katangar nan ta buɗe kamar ƙofar kanti, ƙarti biyar suka matsa gefe cikin ladabi, Mack har da nuna hanya da hannu.

"Delbert, ga baƙi nan!"

Kunamai huɗu suka sauka a kansa lokaci guda. Da aka ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, aka same shi a ƙasa ya yi ɗai-ɗai, ciyawa cike da ragar gaban hularsa.

Hollis ya miƙa masa hannu ya tashe shi. "Ga ganye nan, ci. An ce yana sa mutum ya zama barewa."

Koci Yancey yana ta tsalle a gefe. "Hollis! Me ke nan na gani?"

"Koci, alayyahu ba ya tare mutum. Amma sau ɗaya ne, mun huce."

Kuma sun huce ɗin, don 'yan katanga ba sa wasa da nasara. Daga nan suka tsaya kamar an dasa su, cikinsu yana kuka har Kunamai suna ji. Delbert ya riƙa karɓa yana danƙa wa Lavell, Lavell yana ratsawa. Sau biyu kawai zuciya ta ɗebe shi ya jefa. Ta farko ta faɗa cikin bakin babban ƙahon 'yan badujala, sai da aka tsayar da wasa aka zazzage ta. Ta biyu ta sami alƙalin wasa a ƙeya. Baba Wendell ya miƙe daga cikin 'yan kallo ya yi kira, "Alƙali, tsaya kusa da wanda yake auna, can ne lafiya!" Fili ya kwashe da dariya. Koci ya cire hularsa ya cije ta.

A haka aka kai ƙarshe. Alfadarai suna da maki goma sha bakwai, Kunamai goma sha huɗu, saura daƙiƙa tara, kuma ƙwallo tana hannunmu, mun ɗan wuce tsakiyar fili. A irin wannan ko jariri a Texas ya san abin yi. Kwatabak ya matso jikin ɗan tsakiya, ya karɓi ƙwallo hannu da hannu, ya sa gwiwa a ƙasa, agogo ya cinye sauran lokacin, kowa ya tafi gida. Babu aikin da ya fi wannan sauƙi a duk ƙwallon Amurka.

"Durƙusa!" Koci yana ihu, har da gwada masa da tasa gwiwar. "Delbert, durƙusa kawai!"

Delbert ya ɗaga kai wajen layi na shida. Mista Teague ya yi hamma, ya rufe alƙalaminsa, yana laluben makullin mota. Gaban Delbert ya faɗi. Ya ga shagon Royce ƙiri-ƙiri, ya ga rigar aikin nan mai ruwan toka, har warin roba ya ji a hancinsa. Shekara goma sha ɗaya, a ce a tashi ba a ga igwa ba? Ina!

Ya taho wajen layi idonsa yana kan farar malafa, bai ko dubi gabansa ba. Duk wasan daga nesa yake karɓar ƙwallo, wannan ne karo na farko da zai matso jikin mutum. Ya ga faffaɗan baya a sunkuye, ya ce ai Ƙato ne, ya tura hannuwansa biyu a ƙarƙashinsa.

"Kankana! Kankana!"

Babu wanda ya motsa. Lavell ya dubi Zeb, Zeb ya ɗaga kafaɗa. Wani daga cikin 'yan kallo ya ce, "Yunwa ce ta kama shi shi ma."

Sai wata murya ta fito daga ƙarƙashin hular da ke gabansa, a hankali, ta tsakanin haƙora. "Ɗan'uwa Delbert. Ni Odell ne. Ni dikin ne. Matata tana kallo, fasto yana kallo. Cire hannunka."

Delbert bai ji ba, hankalinsa yana layi na shida. Ya cika ƙirji ya yi ihun karɓar ƙwallo. Hollis, wanda ke taku ɗaya a hagu, kansa a ƙasa, ya ji ihun da ya saba ji shekara da shekaru, ya turo ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa. Babu kowa a bayansa. Ƙwallo ta tafi abinta tana tsalle a ciyawa. Delbert kuwa ya ja da baya taku bakwai cikin ƙasaita, ya ɗaga hannun dama zai saki igwa, sannan ya lura babu komai a hannun.

Wani siririn ɗan Kunamai, mai ƙafa kamar ta zalɓe, ya sure ƙwallon ya nufi gidanmu can ƙarshen fili. Yadi hamsin da wani abu ne tsakaninsa da cin da zai ba su wasan, kuma babu kowa a gabansa. Koci Yancey ya zauna a ƙasa daɓas.

Sai aka ji ƙasa tana girgiza. Hollis ne. Mutumin da ba a taɓa ganin ya yi gudun taku goma ba, ga shi ya taho kamar motar shanu ta tsinke birki, hanci a sama, ido a waje. Ya wuce Delbert har iskarsa ta juya shi. Yadi talatin, yadi ashirin, siririn nan ya waiwaya ya ga abin da ke bin sa, ya ƙara mai, amma ina! Saura taku biyu ya shiga, Hollis ya afka masa ta baya, suka zube tare. Agogo ya nuna sifiri. Alƙali ya duba ƙwallo, ya duba layi, ya busa. Ba ta shiga ba.

Garin Pecan Ford ya tashi da ihu. Amma Hollis bai tsaya karɓar gaisuwa ba. Ya miƙe, ya tsallake siririn da ke kwance, ya ci gaba da gudunsa har rumfar Madam Ouida.

"Wasa ya ƙare, doka ta ƙare. Madam, don girman Allah, duk abin da ke kan wutar nan!"

Can sai ga farar malafa tana saukowa daga layi na shida da sauri, alƙalami a hannu, daidai yadda Delbert ya faɗa ranar Talata. Delbert ya cire hularsa, ya kakkaɓe ciyawa, ya tare shi da murmushi har kunne.

"Ranka ya daɗe, Delbert Crumpton, wanda ake kira Igwa. Na san abin da ka gani yau bai…"

"Yawwa, riƙe mini wannan." Mista Teague ya danƙa masa allon rubutu ya wuce. Ya yi taku biyu ya waiwayo, ya dubi yadda allon ya zauna daram a hannun Delbert, an tokare shi da ƙugu, takarda ko motsi ba ta yi. "Kai, amma ka iya riƙe allo. Ka taɓa yi ne?"

Madam Ouida ta amsa daga cikin hayaƙi, "Shekara goma sha ɗaya, yallaɓai!"

Mista Teague ya sami Hollis da gasasshen haƙarƙarin saniya a hannu biyu. Ya ce shekara talatin yana yawon filaye bai taɓa ganin mai wannan jiki da wannan gudu ba, yana so ya zo gwaji ranar Laraba. "Me ka gani a gabanka da ka yi irin wannan gudun?"

Hollis ya haɗiye. "Gaskiya, yallaɓai, ni ban ma lura da yaron ba sosai. Hanya ya tare mini."

Delbert ya kutso kai tsakaninsu da allo a hannu. "Ranka ya daɗe, rubuta wannan. Ni na tsara masa abincin da ya ci. Barewa na ce zai zama, ga shaidu nan. Kimiyya ce!"

Earlene ta kama shi ta hannun riga ta ja. "Taho, Kimiyya. Royce ya ce ƙarfe bakwai ake buɗe shago."

Litinin da hantsi Delbert yana cikin rigar aiki mai ruwan toka, tsakanin tayoyi ɗari huɗu da aka jera har rufi, yana ba Baba Wendell labarin yadda ya tura mutum babbar gasa. Tsoho facin taya ya kawo, amma ya sami kujera. Sai ƙofa ta yi duhu, Hollis ya shigo da ƙunshi mai zafi a hannu ɗaya, ƙwallo a ɗayan.

"Ga nama, ka ɗanɗana abincin mutane. Wannan kuma ƙwallon wasan ce. Mu biyar muka zauna muka ce kai za a ba, har Odell, ko da yake ya ce kada ka ƙara zuwa ta bayansa. Ba don shirmenka ba, da har na tsufa babu wanda ya san ina da gudu."

Delbert ya karɓi ƙwallon. Shekara goma sha ɗaya ba a taɓa ba shi ƙwallon wasa ba, sai idonsa ya kawo ruwa. Ya ɗan ja hannun rigarsa sama. Ɗamarar nan tana ɗaure a wurin, ya saci kallon rubutun Earlene, ya ƙirga na uku daga hagu.

"Na gode, Hollis."

"Ka gani? Kwana biyu da barin ƙwallo har ka fara gane wasa."

Delbert ya share ido, ya juya ƙwallon a hannu, yatsunsa suka sami ɗinkin da kansu. Ya dubi bangon tayoyi, ramuka ɗari huɗu suna kallonsa.

"Hollis, zaɓi ɗaya. Kowacce kake so."

Baba Wendell ya riga ya tashi da kujerarsa. "Faɗi wacce ka zaɓa da ƙarfi, ɗana, in je in zauna a bayanta."

Igwa ta tashi. Ƙwallo ta wuce tayoyi ɗari huɗu ba ta taɓa ko ɗaya ba, ta fice ta ƙofar gefe, ta tsallake titi, tana juyawa a sama gwanin kyau, yadi saba'in cif in ji waɗanda suka auna daga baya. Aka ji tartsatsin gilashi. Sannan daga gidan abincin da ke tsallake, muryar Madam Ouida ta cika gari.

"DELBERT!"